Ta'aziyyar da Na Kai Yola Bayan Shekara Uku

Talata: Kaduna zuwa Bauchi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidana a Tudun Wada ta Kaduna, da ƙaramar jaka ɗaya da buta. Matata Rabi ta rako ni har bakin zaure. Ta ƙulle mini dambun nama a takarda, ta ce in gaishe da iyayen abokina, in ce ita ma tana yi musu gaisuwa. Iyakar abin da ta sani game da tafiyar ke nan. Na yi sallar asuba a tasha, ƙarfe shida saura kwata tasinmu ta ɗaga zuwa Jos. Mu bakwai ne, kowa sule goma sha takwas.

Sunana Lawal. Yanzu malamin sito ne ni a wata masaƙa, amma lokacin yaƙin basasa matuƙin jirgin sama ne ni a soja, ina laftana. Wanda zan kai ta'aziyyarsa shi ne Laftana Hammanjoda, mutumin Yola, muna kiransa Hamman. Tare aka ɗauke mu, tare aka tura mu ƙasar waje koyon tuƙi, ɗaki ɗaya muka zauna har ranar da ya rasu. Shekara uku ke nan da rasuwar, ban taka gidansu ba. Mahaifinsa, Modibbo Usmanu, ya rubuto mini sau biyu ban ba da amsa ba. Wasiƙa ta uku gajeriya ce. Ya ce ranar Juma'a mai zuwa za su sauke Alƙur'ani saboda Hamman da waɗanda suka rasu tare da shi, kuma shi ya tsufa, yana so ya ga mutumin da ya yi wa ɗansa ganin ƙarshe.

Mun wuce Pambeguwa ƙarfe takwas, Saminaka tara da rabi, muka shiga Jos sha biyu da kwata, mil ɗari da saba'in da biyar. Na ci shinkafa da miya ta sule biyu a tasha. Bas ɗin Bauchi bai cika ba sai ƙarfe biyu, muka yi mil tamanin a awa biyu da minti arba'in. Na kama ɗaki a wani masauki bayan tasha, sule biyar, da gadon ƙarfe da randa a bakin ƙofa.

Bayan magariba na zauna a benci ina tunanin ko in juya da safe. Gara in faɗi dalilin tun nan, don mai karatu ya san irin mutumin da yake bi a wannan tafiya.

Jirgin da muke tuƙawa asalinsa na ɗaukar kaya ne, aka mayar da shi na jefa bam. Matuƙa biyu a gaba, mutum uku a baya suna mirgina bama-bamai ta ƙofa. Wata rana aka harbo mu daga ƙasa, harsashi ya huda jirgin ya kashe wani kofur a bayana. Na sauka lafiya, amma tun daga ranar hannuna bai daina rawa ba. Ko kofin shayi sai na riƙe da hannu biyu. Bayan mako ɗaya, ran Alhamis da sassafe, na ga sunana a allo, ni da Kyaftin Filibus, mutumin wajen Numan. Hamman kuwa yana ɗaure kaya. An yi masa haihuwar fari, 'ya mace, suna ran Asabar. An ba shi hutun kwana goma, kuma da azahar akwai jirgin kaya mai zuwa arewa da zai rage masa hanya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na nuna masa hannuna, na roƙe shi ya karɓe ni.

Ya ce, "Lawal, jibi suna fa."

Na ce, "Tafiyar awa uku ce. Kafin sha ɗaya kun sauka, jirgin arewa kuma sai ƙarfe biyu."

Ya ce ba ya so, ya sake cewa ba ya so. Na durƙusa a gabansa har da hawaye. Sai ya ajiye jakarsa a kan gado, ya je ya gaya wa babbanmu zazzaɓi ya kwantar da ni, shi zai tafi a madadina. Ƙarfe bakwai da minti goma suka tashi, ba su dawo ba. Sai bayan wata biyu sojan ƙasa suka iske ɓaraguzan jirgin a gefen wani dutse, a can aka binne su su biyar. Ni kuma na yi kwana huɗu a asibiti ina shan maganin zazzaɓin da ba ni da shi. Kafin wannan tafiya ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Laraba: Bauchi zuwa Cham

Ban juya ba. Ƙarfe shida da rabi na shiga motar Gombe, sule goma sha biyu. Mun ƙetare gadar Dindima, muka tsaya Alkaleri aka zuba wa mota ruwa, muka isa Gombe sha ɗaya saura kwata, mil casa'in da bakwai. A can na sami babbar mota mai bodin katako za ta Yola, an yi mata lodin gishiri da kwanon rufi, fasinja a kan kaya. Na biya fam ɗaya da sule biyar na gidan gaba. Direban sunansa Malam Buba. Tsakanina da shi akwai wani ɗan kasuwa, Inyamuri, mai suna Okoro, yana rungume da burodi. Ya ce shekararsa goma sha huɗu a Jimeta kafin yaƙi, yanzu ya dawo ya sake buɗe shagonsa na kayan keke. Hausarsa irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

Ƙarfe ɗaya muka tashi. Bayan Kumo kaɗan muka iske shingen soja, aka ce kowa ya sauko da takardunsa. Ba ni da wata shaida sai littafina na sallama daga soja. Sajen ya buɗe, ya karanta, ya ƙame ya sara mini. Bai tsaya nan ba, ya ɗaga murya ya gaya wa mutanensa matuƙin jirgin yaƙi ne a motar nan, kada a sauke kaya ko ɗaya. Fasinja suka yi ta murna. Wata dattijuwa ta miƙo mini goro biyu, ta ce Allah ya yi mini albarka, irinmu ne suka riƙe ƙasa. Na karɓa na sa a aljihu, ban iya ci ba.

Da muka koma mota Okoro ya daina hira. Sai da muka kusa Billiri ya ce, "Oga, ashe kai direban jirgi ne."

Na ce, "Da can."

"Wanda yana jefa bam?"

Na ce e.

Ya dubi hanya, sannan ya ce, "Ƙanwata ya je kasuwa sayen gishiri. Jirgi ya zo."

Ban tambaye shi sunan garin ba, don ina tsoron ya faɗa in tarar na san shi daga sama. A Kaltungo ya kwance burodinsa ya raba uku, ya miƙa wa Malam Buba, ya miƙo mini. Na so in ce na ƙoshi, na ga ƙin karɓa ya fi muni.

Ƙarfe biyar da rabi muka isa Cham, aka ce ruwan ƙarshen damina ya cinye hanya a gaba, sai da safe. Na ci tuwon dawa na sule ɗaya, mai shayi ya ba ni aron tabarma na kwana a rumfarsa.

Alhamis: Numan, Jimeta, Yola

Mun bar Cham shida da kwata. Inda hanya ta yanke kowa ya sauka, maza muka zuba duwatsu, mota ta lallaɓa ta wuce. Goma saura minti ashirin muka iso bakin Binuwai. Kogin ya cika fal, ga garin Numan can ƙetare. Motoci tara ne a gabanmu, jirgin fito kuma biyu yake ɗauka, don haka muka yi awa biyu da rabi muna jira. Mata suna ta tallan gasasshen kifi, babba sule ɗaya da sisi.

A nan Kyaftin Filibus ya faɗo mini a rai. Baƙi ne dogo mai yawan dariya, ya girme mu da shekara huɗu. Duk lokacin da muka ratsa Binuwai ta sama sai ya karkata jirgi ya leƙa, ya ce ruwan nan ta ƙofar gidansu ya biyo. In hankali ya tashi waƙar coci yake rerawa a hankali, Hamman kuwa salati, ni a tsakiya ba na iya ko ɗaya. Na san a garin nan akwai wanda zai nuna mini danginsa in na tambaya. Da muka ƙetare na zauna a mota ban sauka ba.

Daga Numan zuwa Jimeta mil talatin da takwas ne, ta Demsa da Ngurore. Ƙarfe biyu da rabi muka sauka. Zafin garin ya wuce yadda Hamman yake ba ni labari. Okoro ya ɗora akwatinsa a ka, ya ce, "Sai wata rana, Oga," ya shige cikin mutane. Na shiga tasi zuwa cikin Yola, mil biyar, sule ɗaya. A unguwar Makama ban sha wahalar nema ba. Da na ambaci Modibbo Usmanu, wani mai ɗinki ya ce, "Baban mai jirgin sama?" ya nuna mini zaure.

Modibbo siririn dattijo ne fari, tsohon malamin makaranta. Ya tashi daga buzunsa ya ce, "Jabbama," wato maraba, ya riƙe hannuna bai saki ba har na gama ta'aziyya. Bai tambaye ni abin da ya hana ni zuwa ba, ko kalma ɗaya bai yi kan wasiƙunsa ba. Cewa ya yi, "Ka sha hanya, ɗana." Ya kai ni cikin gida wurin mahaifiyar Hamman, kowa Dada yake ce mata. Hausarta kaɗan ce. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta ce, "Kai ne Lawal. Hamman ya ce kai ba ka cin barkono." Ta juya ta yi wa masu girki magana da Fillanci. Da yamma aka kawo mini tuwon masara da miyar kifi, an ware tawa daban ba yaji, ga kunun gyaɗa a ƙwarya.

A ɗakin Hamman aka sauke ni. A bango akwai hotonmu na ranar da muka gama koyon tuƙi, mu goma sha ɗaya. Modibbo ya cire shi ya zauna kusa da ni, ya sa yatsa a kan kowace fuska yana tambaya. Na gaya masa wannan yana nan, wannan ya koma tuƙin jirgin fasinja, wannan Garba ne, hadari ya rufe shi wajen sauka, wannan Sunday ne, an harbo shi wata uku kafin Hamman. Duk wanda na ce ya rasu sai ya rubuta sunansa a bayan hoton, ya tambayi garinsu, da ko ya bar 'ya'ya. Na tambaye shi matar Hamman da 'yarsa. Ya mayar da hoton bango kafin ya amsa.

"Dudu tana Jimeta wurin kawunta, a Gwadabawa. Tana koyarwa a firamare. Tun da ta fita takaba ba ta shigo gidan nan ba. Yarinyar sau biyu muka gan ta."

Juma'a: Makama

Da safe aka yanka raguna biyu. Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har gindin dalbejiyar ƙofar gida. Malamai suka raba izu sittin, kafin la'asar ta yi sanyi an sauke. Modibbo ya tashi da takarda a hannu. Ya kira sunan ɗansa, ya kira na mutum ukun da ke bayan jirgin, ya kira na Garba, aka yi musu addu'a. Sannan ya ce akwai Filibus da Sunday, ba addininmu ɗaya ba, amma su ma 'ya'yan wasu ne, Allah ya ba iyayensu haƙuri. Jama'a suka amsa.

Daga nan ya ce ga abokin Hamman ya zo takanas daga Kaduna, zai ɗan ba mu labarinsa. Na tashi. Na faɗi yadda ya zo na ɗaya a ajinmu, yadda ya taɓa sauke jirgi da inji ɗaya cikin ruwan sama, yadda yake sallar walha a ƙarƙashin fiffiken jirgi. Duk gaskiya ne. Ina shirin zama sai ƙanin Modibbo, wanda ake kira Bappa Sali, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, hafsan da ya kawo mana labarin rasuwa ya ce Hamman yana da takardar hutu a aljihu, amma shi da kansa ya je ya ce a ba shi tafiyar nan. Haka ne?"

Mutum fiye da ɗari suna kallona, ga Alƙur'anai a tare a kan tabarma. Na ce, "Haka ne, Bappa."

Aka yi ta cewa namiji, namiji. Bappa Sali ya share ido da bakin rawaninsa. Da aka kawo abinci, ni aka fara zuba wa, aka zaɓo mini hanta da ƙoda. Tsofaffi suka riƙa zuwa suna shafa kaina. An taɓa zagina a fareti gaban kurata, amma ban ji ƙasƙancin da na ji a wannan karramawa ba.

Asabar: Yolde Pate da Gwadabawa

Bayan sallar asuba Modibbo ya ce in raka shi Yolde Pate, can bakin gari, inda yake da 'yar gona da shanu huɗu. A ƙafa muka tafi, minti arba'in da biyar. Ya zaga dawarsa, ya duba wani maraƙi mai ciwon ƙafa, aka kawo mana dakkere, wani irin dambu na Fulani, da kindirmo muka zauna gindin tsamiya. Ya ce nan Hamman yake tsayawa yana yaro yana kallon jirgin da ke sauka Jimeta, har shanu su shiga gonar mutane.

Na ajiye ludayi na ce, "Baba, jiya na yi ƙarya."

Na faɗa masa duka, tun daga kofur ɗin da aka kashe har maganin zazzaɓi. Ban ɗaga kai ba har na gama. Ina jin shanu suna tuƙa.

"Kwanansa ne ya ƙare," ya ce. "Wannan ba na shakka. Tsoro kuma ba kai ka halicce shi ba. Amma jiya ƙanina ya tambaye ka a gaban Littafin Allah."

Na ce haka ne.

"Kuma na rubuta maka sau uku."

Na ce haka ne, Baba.

Ya ɗauki sandarsa ya tashi. "Ni zan iya ɗauka, Dada ma ni zan gaya mata da bakina. Sali kai za ka same shi yau. Amma kafin nan ka tafi Jimeta. Akwai wadda maganar nan ta fi shafa."

A hanyar dawowa yana gaba ina baya.

Ƙarfe sha ɗaya na sauka Gwadabawa. Gidan kawun Dudu na siminti ne, kusa da wani injin niƙa. Kawun, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a baranda, ya zauna daga gefe. Dudu ta fito da littattafan 'yan makaranta a hannu, da alama maki take bayarwa. Doguwa ce, ba ta kai talatin ba. 'Yarta Nenne tana riƙe da zaninta, goshin Hamman sak. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta amsa a taƙaice.

"Malam Lawal, in Baba ne ya aiko ka kan maganar zuwana, ka ce ina gaishe shi."

Na ce shi ya aiko ni, amma maganar tawa ce. Ta tura yarinyar cikin gida. Na sake faɗa daga farko, wannan karo ya fi wuya, don ita ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Da na zo wurin jaka ta tsayar da ni.

"Ya ɗaure kaya?"

"Ya ɗaure. Jakar tana kan gado."

"Ya ce ba ya so?"

"Sau biyu. Ya ce jibi suna."

Ta ajiye littattafan a ƙasa a hankali. Ta ce, "Ya aiko mini waya zai iso Juma'a. Ina jego na sa aka gyara ɗaki. Ran suna na ce kada a yanka rago sai ya zo, har rana ta yi tsaka. Da hafsan nan ya zo ya ce shi ya nemi tafiyar da kansa, duk gidan suka ce jarumi. Ni kuwa na ce ashe jirgi ya fi masa ni da abin da na haifa. Duk shekara su taru suna yabon abin da ya ƙona ni. Shi ya sa ba na zuwa."

Kawun ya ce, "Dudu, yi haƙuri."

"Kawu, bar ni." Ta juyo gare ni, muryarta ba ta tashi ba. "Shekara uku ban iya yi masa addu'a da zuciya ɗaya ba. In yarinyar nan ta tambaye ni babanta sai in ce ta je ta yi wasa. Kana Kaduna kana da amsa a bakinka. Tsoron da ka ji ran nan, ban sani ba, wataƙila ni ma in ji. Amma kan sarkin aika wasiƙa kwabo nawa ne, Malam Lawal?"

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ta sani ba tukuna, kuma ba za ta faɗi abin da ba ya zuciyarta ba don in ji daɗin hanya. Ta kwashe littattafanta ta shiga. Can na jiyo kukanta daga ciki. Kawun ya rako ni har bakin titi, ya ce rabon da ya ji ta yi kuka tun ranar da hafsan ya zo.

Da la'asar na sami Bappa Sali a ƙofar gidansa na gaya masa. Ya saurara, ya ce, "To," ya tashi ya shige ya bar ni a tsugune. Ranar ma an kawo mini tuwo ɗakin Hamman, miyar ba yaji.

Lahadi zuwa Talata: komawa

Ƙarfe bakwai na shiga yi wa Dada sallama. Na iske ta a tsakar gida da Nenne a kan cinyarta, tana ba ta kunu da ludayi tana yi mata magana da Fillanci. A ƙofar ɗakin Dada akwai takalman mace, labule a sake. Na gane Dudu tana ciki. Na gaishe ta daga waje, ba ta amsa ba. Dada ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Ka gaida matarka," ta ci gaba da ba yarinyar kunu.

Modibbo ya rako ni har inda ake shiga tasi. Ya ce in riƙa rubutowa, kuma in na sami adireshin iyayen Garba da na sauran in aiko masa. Ya ba ni hannu, amma wannan karo bai riƙe ba.

Motar Gombe ta bar Jimeta tara da kwata. A Numan muka iske layin fito, sai na sauka na shiga kasuwa na tambayi wani mai sayar da taru ko ya san gidan su Kyaftin Filibus. Ya ce ya sani sarai, amma uban ya rasu, uwar ta koma ƙauyensu, tafiyar awa biyu a kwalekwale. Ina tsaye ina shawara sai na ji direba yana oda, layi ya motsa. Na koma mota. Na rubuta sunan ƙauyen a bayan tikitina. Har yau ban je ba, kuma ba zan ce lokaci ne ya hana ni ba.

Na kwana Gombe, na kwana Jos. Ran Talata ƙarfe ɗaya da minti ashirin na sauka Kaduna. Rabi ta kawo mini ruwa, ta tambaye ni yaya iyayen abokina. Na ce ta zauna tukuna, akwai abin da ya kamata ta sani game da mijinta. Shi ne karo na huɗu da na faɗa, bai yi sauƙi ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in tashi in yi wanka ga abinci zai huce, da yamma kuma in nemo takarda in rubuta wa mutanen Filibus kafin in sami ranar zuwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Buba direba, da mai shayin Cham, da Okoro da ya raba burodinsa da ni bayan ya san ko ni wane ne. Na gode wa Modibbo Usmanu da Dada, da suka ciyar da ni kafin su sani, suka kuma ciyar da ni bayan sun sani. Allah ya ji ƙan Hamman da Garba da sauran 'yan'uwanmu, ya ba iyalan Filibus da Sunday haƙuri, da iyalan waɗanda muka jefa wa wuta ba mu san sunayensu ba. Malama Dudu kuwa na gode mata da ba ta ce ta yafe ba alhali ba ta yafe ba. In ranar ta zo, Modibbo yana da adireshina, kuma wannan karo zan ba da amsa.